Tsakanin Yatsa da Haƙoran Zarto: Yadda Ake Datsa Katako a Daura

Da zarar an kawo wuta, kafin fankar shago ta gama juyin farko, ƙarar injin katako ta riga ta cika unguwa. Yaran da ke kwance a inuwa su yi zumbur su miƙe. Kafintocin da suka jingine filankansu tun hantsi su taso, kowa na rantsuwa nasa ba yawa, yanka biyu ne kawai. Babu wanda ya san ko wutar za ta kai la'asar, saboda haka kowa sauri yake yi.

Cikin wannan hayaniya wani zai miƙo guntun katako ya ce a datse masa ƙafa ɗaya da rabi. Mai inji ya dubi layin fensir, ya dafa katakon da hannu biyu, ɗaya a daman faifan zarto ɗaya a hagunsa, ya tura. Ba abin da ke riƙe da katakon nan sai yatsunsa. Yawanci ana wucewa lafiya, shi ya sa ma ake ci gaba da yi.

Mai son sanin abin da ke faruwa ranar da ba a wuce lafiya ba, ya zagaya wuraren 'yan katako, a Daura ko Katsina ko Kano, ya riƙa ba tsofaffin masu inji hannu suna gaisawa. Ba zai yi nisa ba zai ji tafin da bai cika ba.

Daga gizago zuwa inji

Aikin itace ba baƙo ba ne a ƙasar Daura. Tun kafin a san kafinta akwai masassaƙi, mai turmi da taɓarya da akushi da allo da ƙotar fartanya da kujera 'yar tsugunno. Makaminsa gatari da gizago, itacensa ƙirya da maɗaci da makamantansu, awonsa kuwa ido ne da taƙi. Rufin soro kuma azarar giginya ce. Duk a cikin waɗannan babu inda ake buƙatar kusurwa ta tsaya cak, domin turmi ba ya haɗuwa da wani turmi.

Kafintanci, wanda ya bazu a zamanin Turawa tare da kwanon rufi da benci da taga mai marfi, aiki ne na haɗa guntu da guntu. Idan bakin guntu ɗaya ya karkace, duk abin da aka haɗa da shi zai karkace. Sai kuma ɗakin amarya ya sauya. Gadon ƙarfe mai rumfa da jeren kwalla suka ja baya, saitin gado da sif da madubi da durowa suka maye gurbinsu, har ta kai uba ba ya jin ya fita kunya sai ya yi wa 'yarsa saiti.

A shekarun baya-bayan nan aiki ya ƙaru a Daura ta wata fuskar. Daga 2015, lokacin da marigayi Muhammadu Buhari ya hau mulki, garin ya ga gine-ginen da bai saba gani ba. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, a ƙarshen shekarar aka aza harsashin Jami'ar Sufuri, sannan layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 ta Daura aka tsara ya bi. Kowane sabon gini ƙofofi ne da tagogi da teburi da rufi. Ga kuma masu saye daga Sandamu da Zango da Baure da Mai'aduwa, da waɗanda ke tsallakowa daga Nijar ta Kwangwalam. Bayan kaka, da kuma watannin da ke gab da azumi, lokacin da bukukuwa ke cunkushewa, zarton hannu ba zai iya ba. Dole a je wurin inji.

Katakon kuwa ba a nan yake tsirowa ba. Daga dazukan kudu ake ɗauko shi, mafi yawa ya sauka a kasuwannin Kano irin 'Yan Katako ta Na'ibawa, sannan ya biyo ta Dambatta da Kazaure. Allunan filawud da MDF, masu faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, da yawansu daga waje ake shigo da su. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, dala kuma ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara, kuɗin mota da kuɗin allo duk sun yi tashin gwauron zabi. Yau guntun da aka yanka ba daidai ba asara ce da kafinta ke ji a aljihunsa kafin dare.

Tsaga daban, datsa daban

Injin da ake magana a kai teburi ne mai tsaga a tsakiya, faifan zarto ya leƙo ta ciki. A nan ƙasar da yawansu haɗin gida ne: mai walda ya yi ƙafafu da ƙarfe, ya sa sanda da boris da bel, a ɗaura wa injin lantarki ko na dizal. Faifai mai inci 10 yana juyawa sau dubu uku zuwa huɗu a minti, wato haƙoransa na gudun da ya wuce kilomita 140 a awa. Kafin mutum ya ji zafi ya janye hannu, haƙora da dama sun riga sun bi ta wurin.

Aikin da aka ƙera wannan inji dominsa shi ne tsaga, wato raba filanki a tsaye bisa tsawonsa. Ana ɗaure sandar awo a gefen faifai, dogon gefen katako ya jingina da ita, a tura. Katakon na da wurin dogara mai tsawo, don haka ba ya lilo.

Datsa kuwa, wato yanke katako a kwance don rage tsawonsa, wani abu ne daban. Idan aka jingina ɗan siririn bakin katako da sandar awo, ba shi da wurin dogara, yana iya juyawa ko yaushe. Da ya ɗan juya, sai ya maƙale tsakanin sanda da faifai. Haƙoran bayan faifai sama suke tasowa, sai su ɗaga guntun su wurgo shi wajen mai turawa da ƙarfin da ke fasa haƙarƙari ko ido. Mafi muni, hannun da ke dafe da katakon yakan bi shi ya faɗa kan faifai. Mutane da yawa da suka rasa yatsa ba su kai hannu kan zarto ba, katakon ne ya ja su.

Masu inji sun san wannan sarai, shi ya sa sukan ture sandar gefe su datsa da ido. An gudu daga haɗari ɗaya an faɗa wani, an kuma ƙara da karkatar yanka. Kuskuren digiri ɗaya tak, a faɗin allon sif mai ƙafa biyu, ya kai santimita guda. Daga nan ake samun ƙofar sif da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, da durowar da ke cijewa, da gibin da ake cusa wa garin katako da gam a shafe da fenti. Amarya ba za ta gani ranar jere ba. Damina ɗaya za ta tona.

Tiren da ake haɗawa da ragowar allo

Kafintoci a ƙasashe da dama sun daɗe da samo wa datsa mafita, kuma ba saye ake yi ba, kowa shi ke haɗa nasa. Wani tire ne na katako da ke zamewa a kan teburin inji. Ana ɗora abin da za a yanka a cikinsa, a jingina shi da bango, sai a tura tiren gaba ɗaya ta cikin faifai. Katakon ba ya goga teburi, ba ya lilo, kuma hannu yana da wurin zama da ba ya canzawa.

Kayan haɗinsa ba su da yawa. Gindi allon filawud ne mai kaurin rabin inci ko kashi uku cikin huɗu na inci, faɗi kamar ƙafa biyu, tsawo ƙafa biyu da rabi zuwa uku, wanda bai lanƙwashe ba. Sai bango biyu na katako mai kauri: ɗaya a can gaba, aikinsa kawai ya riƙe gindin kada ya rabu biyu bayan faifai ya ratsa shi, ɗaya kuma a wajen mai turawa, shi ne ake jingina katako da shi. Dukansu dole su fi tsayin faifai nesa ba kusa ba. Sai 'yan sanduna biyu sirara a ƙarƙashi, waɗanda ke bin hanya su hana tiren kaucewa.

Injin kamfani yana zuwa da kwari biyu a fuskar teburi, a layi ɗaya da faifai, galibi faɗin kashi uku cikin huɗu na inci. A cikinsu sandunan ke gudu. Ana fere su har su shiga ba matsi ba lilo, a sa su a kwarin, a ɗan ɗaga su da tsabar kuɗi ko wasu 'yan ƙarafa a ƙasa, a shafa gam, a ɗora gindin a kai. Idan ya kama sai a juya a ƙara da sukuru, a nutsar da kawunansu kada su karci teburi.

To amma yawancin injinan haɗin gida ba su da wannan kwari, kuma a nan ne mutane kan ce ai abin ba namu ba ne. Namu ne. Idan gefunan teburin a miƙe suke kuma suna layi ɗaya da faifai, sai a yi gindin ya fi teburin faɗi, a sa sandunan su rungumi gefe da gefe daga waje. Idan ba a miƙe suke ba, a shimfiɗa sabon allo a kan teburin, gunduwa-gunduwa, a bar rata biyu a tsakani, ratar ta zama kwari. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne hanyar ta yi layi ɗaya da faifai. A auna daga haƙori ɗaya a gaba, a juyo da wannan haƙorin baya a sake aunawa, inji a kashe kuma a cire shi daga wuta.

Bangon wajen mai turawa shi ne ran aikin. Ba a sa masa gam, domin wata rana za a so a gyara shi. Ana ɗaure gefe ɗaya da sukuru guda don ya iya juyawa, a tura tiren faifai ya tsaga gindin har kusa da bangon, sannan a ɗora sukwaya a kan wannan tsagar a daidaita. Wanda bai yarda da sukwayarsa ba, kuma yana da gaskiya domin da yawa na kasuwa a karkace suke, ya yi lissafin da magina ke yi wajen fitar da harsashi: 30 a gefe ɗaya, 40 a ɗayan, tsakaninsu ya ba da 50.

Gwajin farko mai sauƙi ne. A datsa filanki mai miƙaƙƙun gefuna, a kifa rabi ɗaya, a haɗa bakunan a jikin bango. Idan haske ya leƙo, akwai kuskure, kuma abin da aka gani ninki biyu ne na ainihinsa. Masu son ƙarin tabbaci suna yin yanka biyar: a ɗauki allo mai kusurwa huɗu, a yanki gefe ɗaya, a juya sabon yankan ya jingina da bango, a sake yanka, haka har a zagayo, a karo na biyar a fitar da siririn tsinke daga gefen farko. Bambancin kaurin kan tsinken da gindinsa shi ne kuskuren sau huɗu. A ɗan matsa bangon, a sake gwadawa, sai ya daidaita a ɗaure shi tamau.

Akwai abin da mai koyo daga bidiyon Amurka ba zai ji an faɗa ba. Katako yana shan laima ya kumbura, yana bushewa ya tsuke, kuma tazarar da ke tsakanin watan Agusta da tsakiyar hunturu a Daura ba ƙarama ba ce. Sandunan da aka fere daidai a lokacin sanyi za su cije da damina, waɗanda aka yi da damina kuma su yi lilo da rani. Maganin shi ne a zaɓi busasshen katako mai tauri, ko a yi su da roba mai ƙarfi ko alminiyam, a kuma riƙa goga musu kyandir. Idan ya yi kyau, tiren zai riƙa tafiya kamar durowar da gwani ya haɗa, da yatsa biyu ma sai ta zame. Kada a jingine shi a rana ko a ƙasa mai danshi. A rataye shi.

Ribar da ke fara jawo hankalin kafinta ita ce ta maimaici. Idan ana son ƙafafun benci arba'in masu tsawo ɗaya, sai a matse ɗan guntun katako a jikin bangon a daidai awon, kowace ƙafa ta zo ta dungure shi a yanka. Ba tef, ba fensir, kuma ta arba'in daidai take da ta farko. Mai kwangilar kujerun makaranta ya san darajar wannan.

To me ya hana?

Ba kuɗi ba ne, tunda ragowar allo da sukuru goma ba su fi ƙarfin kowane shago ba. Dalilan na wani wuri.

Mai inji bisa yawan yanka ake biyansa. A ganinsa, ɗora tire da sauke shi duk lokacin da aka tashi daga tsaga zuwa datsa ɓata lokaci ne, ga wuta ba tabbas, idan kuma dizal ake ƙonawa kowane minti kuɗi ne. Wannan hujja tana da ƙamshin gaskiya idan yanka ɗaya ne. Idan ashirin ne, tiren ya fi sauri.

Kafintan da ya kawo aiki kuwa yakan ce ba injinsa ba ne, ba zai koya wa mai abu yadda zai yi da abinsa ba. Ya karɓi yankan yadda ya fito, ya koma shago ya ɓata rabin yini yana gyara baki da hannu.

Sai maganar da ba a cika faɗa a fili ba, wato girman kai na gwaninta. Oga da ya shekara ashirin yana datsa da ido yana kallon duk wani abin taimako a matsayin na ɗan koyo. Yaransa kuma abin da suka ga yana yi shi za su yi, su ma su koya wa nasu bayan an yaye su. Idan aka yi rauni sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a yi jaje, a share jini, a kunna inji. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma mutumin da ke wannan magana shi ne kuma ba ya barin shagonsa a buɗe da dare.

A nawa ganin, babban gibin yana wurin masu walda da ke ƙera injinan. Suna yin teburi sumul ba kwari, ba murfin faifai, ba kuma ɗan ƙarfen nan da ake kafawa a bayan faifai don hana katako matse shi. Su ma suna da amsa: mai saye mafi araha yake nema, bai taɓa tambaya ba.

Abin da tire ba ya yi

Bai kamata a zuzuta shi fiye da ƙima ba. Ba ya aikin tsaga, kuma a tsaga ma ana rasa yatsu, musamman idan katako ya zo ƙarshe hannu ya matso kusa da faifai. Maganin wannan sandar turawa ce, guntun katako mai ɗan lungu a baki, wadda minti biyar ya isa a yi ta.

Shi kansa tiren yana da tarkonsa. Idan an tura shi har ƙarshe, faifai yana ɓullowa ta bayan bangon, daidai inda babban yatsa ke son zama. Dole a manna ƙaton guntun katako a wurin ya haɗiye faifan, a kuma sa abin da zai tsayar da tiren kada ya wuce iyaka. Wasu har jan fenti suke shafawa a wurin. Haka nan ba a haɗa tire da sandar awo a lokaci guda, domin guntun da ya fita zai maƙale ya dawo. Ba a kuma kai hannu a ɗauke guntu sai faifai ya tsaya. Ƙurar MDF da ke shiga huhu da ƙarar da ke cin kunne kuwa, tire ba ruwansa da su.

Matsalar ba ta talaka kaɗai ba ce. A Amurka, inda injinan ke zuwa da duk kayan kariya, hukumar kula da lafiyar kayan masarufi na ƙiyasta cewa mutum wajen dubu talatin ke zuwa asibiti duk shekara saboda irin wannan zarto, kusan dubu huɗu daga ciki da yanke gaɓa. A can ne wani mai suna Steve Gass ya ƙirƙiro SawStop a 1999, injin da ke gane fatar mutum ta hanyar lantarki ya tsayar da faifai cikin ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Tun 1906 kuma Wilhelm Altendorf a Jamus ya yi inji mai teburi da ke zamewa, wanda manyan masana'antun kayan ɗaki ke amfani da irinsa. Kuɗin kowannensu ya fi jarin shaguna da yawa a Daura. Tiren katako dabarar Altendorf ce a farashin ragowar allo.

Wa ke biya idan ta faru?

A takarda, Najeriya na da doka. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ce mai aiki ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF. Amma yaron shago ba albashi yake karɓa ba, kuɗin abinci ne da na sabulu, babu kuma takardar da ta nuna yana aiki. Idan ya ji rauni, abin da oga ya iya da abin da dangi suka tara, shi ke nan.

Raunin zarto kuma ba irin na wuƙa ba ne, yana tafiya da nama da jijiya da ƙashi a faɗin haƙoransa. Abin yi nan take shi ne a danne wurin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannu sama, a nufi asibiti. Ba a zuba baƙin mai ko garin katako ko toka. Idan yatsa ya fita, a naɗe shi a tsumma mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Manyan raunukan hannu sau da yawa sai an dangana da Katsina, mai nisan kilomita wajen 80, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma awoyi ne ke raba yatsan da za a iya ceto da wanda ba za a iya ba. Allurar tetanus ma ba abin mantawa ba ce.

Hukumomin koyar da sana'a irin ITF da NDE sun shekara da shekaru suna yaye kafintoci suna raba musu kayan aiki, ga kuma kwalejin fasaha a cikin garin Daura kanta. Darasin haɗa tire da sandar turawa bai fi na yini ɗaya ba, kuma wanda ya kamata a fara kira ba ɗan koyo ba ne, oga ne, tunda shi ake kwaikwayo. Ƙungiyoyin kafintoci da na masu inji, waɗanda ke iya haɗa kai su tsayar da farashin yanka cikin mako guda, suna iya haɗa kai su gaya wa masu walda cewa daga yanzu ba za su karɓi teburin da ba shi da kwari da ƙarfen bayan faifai ba. A wurin mai walda, ƙarin bai wuce 'yan sandunan ƙarfe da aikin rabin yini ba.